Jar Mota A Ƙofar Malam Ellwood

Delia Hoopes na cikin juye miyar kaza a kwano ta hango jar motar nan ta sake tsayawa a ƙofar gidan Malam Ellwood. Ta ajiye ludayi, ta ɗaga gefen labulen kicin da yatsa ɗaya. Karo na huɗu ke nan cikin kwana goma. Kullum sai bayan an tashi yara daga makaranta motar ke zuwa, wani ƙaton mutum mai furfura ya fito, ya shige gidan tsohon ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Lambar motar ta jiharsu ce, amma ba wanda ya san ta a Marlbrook, kuma Delia ta tambaya. Ta tambayi mai kawo wasiƙu, ta tambayi nas ɗin da ke zuwa da safe, har mai share harabar makaranta ba ta ƙyale ba.

Shekara ashirin da biyu tana maƙwabtaka da Malam Ellwood Sharpless, shinge ɗaya ne tsakaninsu, a ɗan layin da ke bayan Makarantar Abokai, wata ɗarikar Kirista masu ibada da zaman shiru, waɗanda mutanen gari ke kira Kweka. Shi ya koyar da ita a aji shida. Yanzu ita ce malamar aji huɗu, shekarunta hamsin da bakwai, amma har yau ba ta iya kiran sunansa gatsau ba, sai ta saka Malam. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Duk wanda ke shiga gidan nan ta san shi, ta san uwarsa, ta san ajin da ya maimaita. Ban da wannan.

Ta rufe kwanon, ta ƙetara ta ƙaramar ƙofar shinge.

An sauko da gadon tsohon falo tun da ƙafafunsa suka daina hawa bene. Yana kwance da robar iska a hanci, baƙon kuma na zaune a kujerar gefensa, hula a gwiwa. Ba mai magana cikinsu. Delia ta saba da shiru, da shi aka raine ta, amma wannan bai yi mata kama da na ibada ba. Ya fi kama da na mutanen da suka katse zance don an shigo.

"Ga miya ta iso," in ji Malam Ellwood, muryarsa kamar ana jan takarda. "Royce, in ta ba ka kada ka karɓa. Shekara ashirin ina jiran ranar da za ta gano inda ake sayar da gishiri."

"Likita ne ya hana ka, Malam."

"Likitan da aka haifa jiya. Delia, ba ki gane shi ba? Royce Kubiak. Ajinku ɗaya."

Mutumin ya ɗago. Ya ɗauke hular daga gwiwarsa da hannun hagu, sai ta ga bayan hannun, fatar ta tattare tana sheƙi tun daga yatsu har cikin hannun riga. Allah ya so ta, tebur na kusa, ta dire kwanon kafin ya suɓuce.

"'Yar gidan Hoopes," in ji shi. "An ce kin zama malama. Ashe ba ki taɓa barin wurin ba."

"Ban bari ba."

"Wasu an taimaka musu sun bari."

Ya faɗa yana murmushi, amma murmushin a baki ya tsaya. Ta ce tana da littattafan yara da za ta duba, ta fito. A bakin shinge sai da ta dafa itace ta tsaya.

Abin ya faru shekara arba'in da biyar da suka wuce. A bayan filin wasa akwai wani tsohon ɗakin katako da makaranta ke ajiye tumaki biyu, 'yan aji shida ke kula da su. Ran nan da hutun rana Delia ta ɓuya a ciki da karan sigarin da ta zare daga aljihun kawunta. Zuƙa ɗaya ta yi tari ya sarƙe ta, ta jefar a cikin busasshiyar ciyawa, ta taka sau ɗaya, ta fice ta baya. Kafin a buga ƙararrawa wuta ta kama rufi. Wanda aka gani yana fitowa daga cikin hayaƙi shi ne Royce, ɗan mai walda, wanda makaranta ta ɗauka kyauta, hannunsa ya sale wajen buɗe wa tumakin sakata. Tunkiya ɗaya ta tsira. Kwamitin makaranta ya zauna, mahaifin Delia ne ke riƙe da shi, aka fito aka ce zai fi wa yaron alheri ya nemi wata makaranta. Ba a ce an kore shi ba, Abokai ba sa korar mutum. Delia ba ta ce uffan ba a lokacin, daga baya kuma sai ta ga kamar lokacin faɗa ya wuce. Da haka ta girma, ta yi aure, ta binne miji, ta koya wa yara ɗari bakwai cewa eh ɗinsu ya zama eh.

Washegari ta je da wuri, kafin jar motar. Ta gyara masa matashi, ta goge tebur ɗin da ba ƙura a kansa.

"Malam, mutumin nan me yake nema?"

"Ni na sa aka nemo shi."

"Don me?"

"Don na ga dama. Gidana ne ko naki?"

"Daga Altoona fa yake zuwa, awa uku a hanya. Mutum ba ya irin wannan tafiya don Allah kawai. Me kuke cewa in kun zauna?"

"Yawanci ba ma cewa komai." Ya lumshe ido. "Wani lokaci ina faɗa yana rubutawa. Hannuna ya ƙi alƙalami."

Ta tsaya da tsumma a hannu. "Rubuta me?"

"Ke dai da bin diddigi kamar mai karɓar haraji. Saurara, na yi magana da Thelma. In ranar ta zo, ke za ki rufe taron."

Thelma Passmore ita ce ke riƙe da al'amuran jama'ar Abokai. Taron da yake nufi kuwa na tunawa da shi ne, bayan ya tafi. Ba liman, ba mai wa'azi, ba tsarin wane zai yi magana bayan wane. Jama'a za su zauna shiru, duk wanda abin ya taso masa ya miƙe ya faɗi abin da ke ransa, ko shi wane ne, ba mai ikon ce masa zauna. Mutum ɗaya ake sa wa ya ji lokacin da shirun ya cika, ya juya ya ba na kusa da shi hannu. Da zarar an yi wannan musafaha, taro ya tashi.

"Me ya sa ni?" in ji Delia.

"Buɗe min taga in ji yaran nan."

Ta buɗe. Ihun 'yan aji biyu ya shigo daga filin wasa, ya saki fuska yana saurare, ya manta da ita. Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da ta sani tun tana da giɓi, yau sai ta ga kamar ba ta taɓa karanta fuskarsa ba. Shin ya sani? Tun yaushe? In ya sani, me ya sa duk shekarun nan yake shan miyarta yana mata tsiya? Ko Royce ne ya zo ya zuba masa a kunne yanzu da ƙarfinsa ya ƙare? A kan hanyarta ta fita ta ja aljihun tebur a hankali, wai tana neman cokali. Ba takarda a ciki. Ta ji kunyar kanta, amma sai da ta ja na biyun.

Kwanakin da suka biyo baya Delia ta zama 'yar leƙen asiri a gidanta. Tana gyaran littattafai a tsaye a bakin taga. Ta ƙirga mintocin da Royce ke yi a ciki. Ran Talata ta gan shi ya tsaya a bakin shingen makaranta yana kallon inda ɗakin tumakin yake a da, yanzu lilo ne a wurin. Ran Laraba, a taron shiru na mako da ake yi da yara, ta gan shi can benci na baya kusa da ƙofa, ta rasa wa ya ba shi izinin shiga, sai ta tuna ba a neman izini. Yaran ajinta goma sha shida na jere a gefenta, ƙafafunsu ba sa kai ƙasa. Ta ƙiyasta waɗannan idanun a kanta ranar da mutumin zai miƙe ya nuna ta da yatsa. Abin da take tsoro ke nan, ba kora ba, ba kwamiti ba. Idanun nan.

Ran Alhamis da hantsi, tana rubuta lissafi a allo, Thelma ta leƙo ƙofar aji ta yafito ta. Suka fita baranda.

"Ya tafi, Delia. Ɗazun nan, lokacin hutun yara."

"Wa ke wurin?"

"Nas, da wannan bawan Allah mai jar mota. Yau da sassafe ya zo, an ce Ellwood ne ya sa aka buga masa waya."

Ita da ke bayan shinge ba a kira ta ba. Wannan ya soke ta fiye da yadda ta zata. Ta ruga da alli a hannunta.

An cire masa robar iska. Taga a buɗe, labule na kaɗawa, bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi mata tsiya. Ya ƙanƙance a cikin bargon. Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa ta saman bargo, kuka ya ƙwace mata, kukan gaske, don ta so tsohon nan kamar uba, har fiye da yadda ta so uban da ya haife ta. Amma ko a cikin kukan, da gefen ido ta ga Royce ya ɗauki wata takarda daga kan kujera, ya ninke ta huɗu, ya zura a aljihun ƙirji ya danna maɓalli.

Aka sa taron ran Asabar da ƙarfe biyu.

Ɗakin taron ya cika har baranda. Tsofaffin ɗalibai sun zo daga garuruwa, ga iyaye, ga 'yan aji bakwai da takwas da aka sa suka saka riguna masu kwala, ga rabin ajin Delia a benci na biyu. Ita tana benci mai fuskantar jama'a, Thelma a damanta. Royce ya zauna a tsakiya, layi na huɗu, daidai saitinta, ya sa kwat ɗin da ta yi masa kaɗan a kafaɗa. Thelma ta miƙe ta yi bayani a taƙaice saboda baƙi, ta ce za a zauna kamar awa guda, Delia ce za ta rufe. Shiru ya sauka.

Minti goma ba abin da ake ji sai ƙarar katako da tarin wani jariri. Sannan wata mata ta miƙe ta ce Malam Ellwood ne ya koya mata karatu bayan kowa ya haƙura da ita. Ta zauna. Aka bar shiru ya ratsa, yadda ake yi. Wani likita ya ba da labarin ranar da Malam ya kai su kallon tsuntsaye ya faɗa rafi har wuya, ya fito yana tambaya ko wani ya ga irin tsuntsun da ya tashi. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata yarinya 'yar aji takwas ta ce yana ba su tuffa ta saman shinge. Wani dattijo ya ce bai taɓa jin ƙarya daga bakin Ellwood Sharpless ba.

Da aka faɗi wannan, Delia ta ga Royce ya sunkuyar da kai ya shafa aljihun ƙirjinsa.

Ta dubi agogon bango. Minti talatin da takwas. Zuciyarta na bugawa har cikin kunne. Tun tana yarinya aka gaya mata in zuciya ta yi haka a cikin taro, alama ce ke aka ba wa magana, ki miƙe. Ta danne ƙafafunta a ƙasa.

Royce ya ɓalle maɓallin aljihu. Ya zaro takardar. Ya ɗora hannu a kan bencin da ke gabansa, ya fara ɗaga nauyin jikinsa, a hankali saboda gwiwa.

Delia ta juya ta miƙa wa Thelma hannu.

Thelma ta kalli hannun, ta kalli agogo, ta kalli Delia. Ba ta ga mutumin ba, idonta a rufe yake har lokacin. Mace ta miƙo miki hannu a gaban mutum ɗari biyu, ya za ki yi? Ta karɓa. Nan take musafaha ta bazu benci zuwa benci, kowa ya juya ga na kusa da shi, aka soma gyaran murya ana neman jakunkuna. Royce na tsaye rabi da rabi, takarda a hannu, wata tsohuwa a gefensa ta kama ɗaya hannun ta girgiza tana masa sannu da zuwa.

"Kin ɗan yi sauri," in ji Thelma a kunnenta.

"Na ji ya cika."

"To. Ke aka ba wa."

Jama'a suka kwarara ɗakin cin abinci inda aka jera kofi da kek ɗin tuffa. Delia ta zame ta ƙofar gefe, wai ta sha iska. Ƙofar na fita maƙabarta ne, inda duwatsun duk tsayinsu ɗaya, ba su wuce gwiwa ba. Ba ta yi taku biyar ba ta ji ƙofar ta sake buɗewa a bayanta.

"Malama Delia," in ji Royce. "Hannunki da sauri, har yanzu."

"Ban gan ka ba."

"Haba. Ku da ba kwa rantsuwa don wai maganarku ta isa? Ido cikin ido muka yi da ke."

Sai haushi ya zo ya tsaya mata, don haushi ya fi kunya sauƙin ɗauka. "Me kake so? Ranar binne mutum ce, ga yara a zaune. In ni kake nema ga ni, ba sai ka tara min gari ba."

Ya yi mata wani irin kallo, kamar mai duba ƙarfen da aka kawo masa a lanƙwashe. Ya miƙo takardar.

"Karanta. In kin ga sunanki ki nuna min."

Rubutu ne manya-manya, a karkace, na wanda bai saba riƙe alƙalami ba. A ƙasa akwai sa hannun tsohon, yana rawa.

"Ni Ellwood Sharpless ina tsaye a tagar aji shida ranar da ɗakin tumaki ya ƙone. Na ga abin da ya isa in san ba Royce Kubiak ba ne. Na zauna a kwamiti awa biyu bakina a rufe, aka tambaya ko akwai wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, na yi shiru, aka rubuta shiruna a matsayin yarda. Tsoro ne, ba komai ba. Kafin ku gama yabona, ku ji wannan. Ina so yara su ji."

Ta karanta sau biyu. Ta juya bayan takardar, ba komai.

"Sau shida muna gyara ta," in ji Royce. "Kullum sai ya ce a rage, wai ya yi wa kansa sauƙi da yawa. Ni ban ma so zuwa ba. Na ce masa, tsoho, ka bar ni da waldata. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a binne shi da sunan da ba nasa ba. Na ce to wannan taro naku in an tashi kafin in tattaro ƙarfin hali fa? Ni ban iya magana a gaban mutane ba. Ya ce kada in damu, ya zaɓi wadda ba ta taɓa rufe taro da wuri ba."

Delia ta nemi wurin dafawa, ba komai kusa sai dutsen kabari, shi ma ya yi ƙasa da yawa.

"Ka san ni ce," ta ce. Ba tambaya ba ce.

"Na gan ki kina tsallake shinge. Na faɗa ma. Na faɗa wa babanki a ofis, hannuna a naɗe. Ya ce in zauna shiru in binciki zuciyata." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Na bincika, ban ga sigari ba."

"Royce, mu koma. In gaya wa Thelma a sake zama, mutane ba su watse ba."

"A sake zama? Da kek a bakinsu? An rufe, Delia. Ke kika rufe." Ya sa hularsa. "Uwata ta mutu tana cewa ta yafe min gobarar nan. Kullum Kirsimeti sai ta yafe min. Ba don kaina na zo ba, wanda zai amfana da wankewa ta riga ta tafi. Don shi na zo, kuma na yi iyakar yina."

Ta miƙa masa takardar. Ya zura hannuwansa biyu a aljihu.

"Riƙe. Maƙwabcinki ne."

Ya bi ta tsakanin duwatsun, yana ɗan ɗingishi, ya fita ta ƙofar titi bai waiwayo ba.

Ta koma ciki. Ɗakin taron ba kowa, sai wata safar hannu ta yaro da aka manta a ƙasa, da bencin da wani ya ture ya karkace. Ta bayan bango ana jin ƙarar cokula da faranti, wani ya sake ba da labarin rafin nan, aka kwashe da dariya, wannan karon da ƙarfi. Delia ta zauna a wurinta na ɗazu, takardar a kan cinya. Ta daɗe a haka. Can sai ta dafa benci ta miƙe tsaye, ta buɗe takardar, ta gyara murya. Rana ta karkata ta shigo ta dogayen tagogin, ta kwanta a kan layin benci huɗu na farko.